Sunan da Na Raɗa wa Ginshiƙi na Farko

Litinin, 7:40 na safe

Inji uku cikin takwas sun tafi, kuma ba za su dawo ba. Yadda aka yi ba zan rubuta ba. An ce kowa ya kama bakinsa, ni kuwa kama baki bai taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya rage a sashen wankin ƙoda: inji biyar, marasa lafiya sittin da biyu.

Litinin, 1:15 na rana

Babban Likita ya sauko ofishina da ƙafarsa. Shekara shida ina nazarin alƙaluman asibitin nan a ɗakin da ba taga, bai san hanyar ba sai yau. A bakin ƙofa ya tsaya, don kujerar baƙi fayiloli ne a kanta, ni kuma ban kwashe ba.

"Malama, mutum goma sha huɗu za mu mayar cibiyar bayan gari. Ba na so a ce ni na zaɓa. Ki sa lissafi ya zaɓa."

Na ce, "Likita, a can sau ɗaya suke wanki a mako. Mu nan sau uku."

Ya ce, "Na tambaye ki abin da suke yi a can?"

Bai tambaye ni ba. Na ce ya ba ni kwana goma.

Talata, 11:00 na safe

Sista Doguwa, shugabar nas-nas ta sashen, ta kawo min rajista guda huɗu, ta dire su a tebur kamar da su take faɗa. Ma'auni tara na ciro a kan kowane mutum: fashin wanki, makara, nisan gidansa, sau nawa ya zo ba ɗan rakiya, ruwan da jikinsa ke tarawa tsakanin wanki da wanki, shan magani kan ƙa'ida, shekaru, ƙarfin bugun zuciya, yawan jini.

Ta ce, "Malama Lissafi, yaya za ki yi abu tara ya koma ɗaya?"

Na ce hanyar sunanta PCA. Na ce ta ɗauka ma'aunan nan kaya ne a tasha. Kayan da ke tafiya tare, in wannan ya hau wancan ma ya hau, kwamfuta sai ta zuba su mota ɗaya. Motar muke kira ginshiƙi. Nauyin da kowane kaya ya yi a cikinta shi ne lodi. In lodi ya kusa ɗaya, kayan nan shi ya cika motar. In ya kusa sifili, ba ya ciki ma.

Ta ce, "Mota ce ko ginshiƙi? Ku 'yan boko ko suna ba ku iya sa wa abu ba. To ina motar ta nufa?"

Na ce kwamfuta loda kaya kawai take yi, ba ta rubuta suna a jikin mota. Mutum ne zai duba kayan ya ce wannan motar kaza ce.

"Wane mutum?"

Na ce ni.

Talata, 4:30 na yamma

Da na zo layi na 27 a jerin marasa lafiyar, na cike shekarunsa ban buɗe fayil ba.

Laraba, 9:20 na safe

Ya fito. Ginshiƙi na farko ya kwashe kashi 38 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutanen nan. Lodinsa: fashin wanki 0.84, makara 0.79, nisan gida 0.77, zuwa ba ɗan rakiya 0.71, taruwar ruwa 0.58. Shekaru 0.12. Shan magani 0.06.

Ba ya buƙatar dogon tunani. Da raini ne ko lalaci ke sa su fashi, da shan magani ya hau motar nan tare da fashi, don wanda ya raina inji zai raina ƙwaya. Bai hau ba. Mutanen nan suna shan maganinsu kamar kowa. Nesa suke, kuma ba su da mai kama musu hannu su hau mota bayan an tsotse su awa huɗu. Na rubuta a saman shafin: Nisa da Kaɗaici.

Sai na jera mutanen bisa makinsu. Lamba 27 ne na uku daga sama.

Na fita na sha shayi. Na sa sukari cokali uku, abin da ban saba ba.

Laraba, 6:10 na yamma

Yaya ta kira. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Auta, Baba ya ce ana raɗe-raɗin za a rage mutane."

Na ce, "Wane Baba?"

"Auta, don Allah."

"In Tela kike nufi, ki ce Tela."

Ina jin yaranta suna faɗa a kan rimot. Ta ce shekara ashirin da shida ke nan, ya ci a ce na gaji. Na ce ita ce babba, ita ta fara gajiya.

Ina da shekara tara ya ɗora keken ɗinkinsa a bayan mota. Ya ce ya sami shago a wani gari, ƙarshen wata zai zo ya kwashe mu. Rigar makarantata tana kan teburinsa, ya yanka bai haɗa ba. Mama ta ajiye yankan nan a akwati har ya daina yi min, har ta daina tashi daga gado. Shekara biyu da suka wuce sai ga shi a layin sashenmu da kumburarrun ƙafafu, shi kaɗai, da katinsa a leda. Yaya ta yi kuka ta yafe a tsaye, ko zama ba ta yi ba.

Tela ne dai. Ya ce ƙarshen wata, bai faɗi wane wata ba.

Alhamis, 8:05 na safe

Na goge Nisa da Kaɗaici.

Alhamis, 2:40 na rana

Ba ƙarya ko ɗaya a rahoton. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

A sana'armu an saba, lodin da bai kai 0.40 ba ba a sa shi a jadawali, don kada ya cika wa mai karatu ido. Kowane littafi ya yarda da haka. Saboda haka shan magani ya fita, shi da 0.06 ɗinsa. Nisan gida na kira shi "matsalar kiyaye lokaci". Zuwa ba ɗan rakiya na kira shi "ƙarancin haɗin kan iyali". A saman jadawalin na rubuta kalma ɗaya: Sakaci.

Kowace lamba tana nan yadda kwamfuta ta ba ni. Ban taɓa ko ɗigo ba. Aikina na yi.

Juma'a, 10:30 na safe

Dole ta sa na shiga sashen, wani fayil ya ɓace. Ɗakin warin sinadarin wanke ƙasa yake yi, injinan suna ta ƙit-ƙit, mutum biyar kwance da bututu ja a hannu, wasu shida a benci suna kallon agogon bango. Yana gado na biyu. Ya rame ta sama, ya kumbura ta ƙasa. Wuyan rigarsa ɗinkin hannu ne, sumul, ba zare ɗaya da ya fito.

"Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, da haka yake kirana tun ina rarrafe. "Uwata, an ce ke ce kike yi mana lissafin. Wallahi da na ji, sai hankalina ya kwanta."

Na ce, "Malam, lambarka nawa?"

Ya kalle ni. Ya ce ashirin da bakwai.

Na rubuta a takarda a gabansa, sannu a hankali, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na juya. Matar da ke gado na uku ta ce masa, "Baba, 'yarka ce?" Na tsaya a bakin ƙofa in ji abin da zai ce.

Ya ce, "Ma'aikaciya ce."

Shi ma ya iya.

Asabar, 12:00 na rana

Na wanke labule duka. Ba su yi datti ba.

Litinin, 9:50 na safe

Sista Doguwa ta ga rahoton a teburin Likita. Ta shigo ba sallama, ta rufe ƙofa da ƙafa.

"Sakaci? Tsohon nan mai lamba 27 mota uku yake hawa kafin ya iso. Kwalin maganinsa ni nake dubawa, ƙwaya ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Kin ce min abu tara, na ƙirga biyar a takardarki. Ina shan magani?"

Na ce lodinsa bai kai ba.

"Bai kai ba, ko bai yi miki ba?"

Na ce, "Sista, in kina da wata hanya, ga biro. Rubuta min mutum sha huɗu da hannunki, ki sa hannu a ƙasa."

Na miƙa mata biron. Ta tsaya tana kallonsa. Mace mai tsawon da take sunkuyawa a ƙofar ofishina, sai ga ta ta koma ƙarama. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Na san ko shi wane ne a wurinki. Hancinku ɗaya."

Na ce hanci ba ya cikin ma'aunai tara.

Laraba, 3:30 na yamma

Kwamiti ya zauna. Mutum bakwai, shayi da biskit, minti ashirin da biyar. Na haska jadawalin a bango. Lambobi suna da kwarjini in an haska su da girma, kowa sai gyaɗa kai yake yi don kada a ce bai gane ba.

Likitan zuciya ne kawai ya cire tabarau ya ce, "Malama, wannan matsalar kiyaye lokaci, da me aka auna ta?"

Na ce da kilomita.

"To nisan gida laifi ne?"

Na ce, "Likita, ba ni na haɗa su ba. Alƙaluma ne suka nuna tare suke tafiya da fashi. In kwamiti yana so, sai mu koma ginshiƙi na biyu, na shekaru da raunin zuciya. Amma sha ɗaya cikin sha huɗun, marasa lafiyarka ne."

Ya mayar da tabaransa. Ya ɗauki biskit.

Babban Likita ya ce wannan shi ne adalci, ba sani ba sabo. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Alhamis, 7:55 na safe

An manna sunayen a allon sanarwa, kowa kuma an ba shi wasiƙa. Ban bi ta can ba. Na zaga ta bayan ɗakin wanki.

Alhamis, 1:20 na rana

Matar gado na uku ta gano ofishina. Mai kitso ce, shekara talatin da huɗu, yara uku. Ita ce ta sha huɗu a jerin, ta ƙarshe. Makinta 1.02. Wanda ke bin ta, wanda ya tsira, 0.97.

Ta durƙusa a kan siminti, wasiƙar a hannunta.

"Anti, an ce ke kika san kan abin. An rubuta sakaci. Wallahi ni ba na sakaci. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi kwana biyar a hanya. Ni nake shirya yara, ni nake kawo kaina. Ranar da na yi fashi, ƙaramar ce ba lafiya."

Na ce ba rana ɗaya ba ce, bakwai ne.

"Anti, can ɗin ya fi nan nisa a wurina. Mota huɗu."

Na ce ta tashi, simintin da sanyi. Na ce ba ni ke yanke hukunci ba, kwamiti ne. Ta ce kwamiti sun ce kwamfuta ce. Na ce to ta ji.

Da za ta fita ta dubi kaina ta ce gashina yana karyewa ta gaba, in daina ɗaure shi da ƙarfi. Haka kawai ta faɗa, ba da gatse ba. Sana'a ce ta motsa.

Ban san da ita ba lokacin da nake rubuta kalmar. Mutum ɗaya nake kallo. Sauran sha ukun layuka ne.

Juma'a, 5:45 na yamma

Yaya ba ta kira ba. Na ajiye wayar a kan tebur tun safe, fuskarta sama.

Lahadi, 4:00 na yamma

Ba ta kira ba.

Na shirya abin da zan faɗa mata tsaf. Zan ce lissafi ne. In ta yi kuka zan ce ta tuna Mama. In ta ce ubanmu ne zan ce ta kawo shaida.

Laraba, 6:30 na yamma

Ta kira. Dariya take yi.

"Auta, ke dai ba a gane cikinki! Baba ya ce tun ranar da kika yi kamar ba ki san shi ba a gaban mutane ya gane akwai abin da kike shiryawa."

Na ce me nake shiryawa.

Ashe cibiyar bayan gari minti goma ce daga gidan Yaya. Na sani, ban taɓa haɗa biyun a kaina ba. Ranar da wasiƙa ta fito mijinta ya je da mota ya kwaso shi, shi da tsohon keken ɗinkinsa, suka gyara masa ɗakin baƙi. Shi ke fara isa layi. Da wani ya yi fashi sai a ce Baba ya hau, makon nan sau biyu aka yi masa. Jikoki suna rigimar wanda zai riƙe masa jaka. Ya rage wa mijin Yaya wando uku.

"Ya ce a gaya wa Uwata Allah ya yi mata albarka. Ya ce ya san ba za ki iya faɗa da baki ba, shi ya sa kika yi da aiki. Ga shi ma, ku gaisa."

Na kashe wayar.

Na tsaya a kicin. Kofin da ke hannuna na Mama ne, shi ya sa na ajiye shi na ɗauki wani na jefa.

Alhamis, 8:15 na safe

Sau biyu a mako. Da jikoki.

Litinin, 10:10 na safe

Sista Doguwa ta daina gaishe ni. Yau ta leƙo, ba ta shigo ba.

"Mai kitso ta yi fashin wankin makon jiya. Ta isa an rufe karɓar kati. Ruwa ya hau mata ƙirji ranar Asabar."

Na ce tana wane gado.

Ta ce, "Ba ta kan gado."

Ta ja min ƙofar a hankali. Da ta buga da ya fi min.

Litinin, 2:00 na rana

Aikina na yi. Kowace lamba daidai take. Mutum sha huɗu za su tafi ko da ni ko ba ni. Da na rubuta ɗaya sunan, Nisa da Kaɗaici, wasu sha huɗun ne za su tafi, su ma da yaransu. Aikina na yi.

Alhamis, 11:35 na safe

Mijinta ya zo. Ƙato ne, hannayensa duk baƙin mai a gindin farce, ya riƙe hularsa kamar za a ƙwace. Na kwashe fayilolin da ke kan kujera, ya ƙi zama. Wasiƙar tana hannunsa, ta yi laushi saboda ninkewa.

"Malama, ba rigima na zo yi ba. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya rubuta. Kalmar nan ce ta hana ni sukuni. Babbar 'yarmu ta iya karatu, ta gani, ta tambaye ni ko Mama ce ta jawo wa kanta. Na je wurin Sista, ta ce ba halin matata aka auna ba, wai har da rashin ɗan rakiya a ciki. Ta ce in zo in tambaye ki."

Na ce haka ne, yana ciki.

"Yana da nauyi?"

Na ce 0.71. Na ce da nauyi.

Ya juya hular. Ya ce, "Sau tari takan ce in nemi hutu in raka ta, ko sau ɗaya a mako. Ina cewa sai wata mai zuwa. Malama, don girman Allah ki gaya min gaskiya. Da ina raka ta, da sunanta ya fita daga takardar nan?"

Ina iya cewa a'a. Ina iya cewa injin ne, ko kwamiti, ko ni. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai duba.

Amma wata mai zuwa ya ce.

Na juyo da kwamfutar ta fuskance shi. Na nemo layinta, na canza rakiya zuwa sau ɗaya a mako, na danna. Makin ya sauko daga 1.02 zuwa 0.81. Sunanta ya zame ƙasa, ya wuce jan layi, ya tsaya a na sha tara. Na bar shi ya kalla da kyau.

Na ce, "Da tana nan."

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya ce, "Na gode, Malama. Gara da na sani." Har da ɗan sunkuyawa.

Bai yi nisa ba. A baranda ya zauna, a ƙasa, jikin bango. Sautin da yake yi ba irin na manya ba ne. Na mayar da rakiya yadda take, na adana fayil, na tashi na rufe ƙofa, don akwai rahoton wata da ban gama ba.

Juma'a, 8:05 na safe

Babban Likita ya tsaya ni a matakala. Ya ce inji na huɗu ya fara wata ƙara da ba ta yi masa ba. Ya ce kada in yi nisa da fayil ɗin nan.

Na ce yana kan tebur.